Allon launi, zuciyar roba ko waya: da wanne za a koya wa ɗaliban jinya gano inda jalɗa ta kama zuciya?

Wata ƙanwata a wurin aiki, haifaffiyar nan Makka wadda kakanninta suka zo daga Katsina, ta tare ni a ɗakin shan shayi bayan Azahar. An damƙa mata ɗalibai 14 'yan shekarar imtiyaz, wato shekarar koyon aiki a asibiti bayan kammala karatu, an ce ta koya musu karanta takardar awon zuciya kafin a shiga hidimar alhazai, an kuma ware mata ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba don sayen kayan koyarwa. Ta ce, "Yaya, wani ya ce in sayi zuciyar roba, wata ta ce allon launi ya wadatar, yaran kuma sun ce komai yana cikin waya. Ke da kika daɗe a ɗawari, sashen gaggawa, ina zan sa kuɗin nan?" Shayinmu ya huce ban gama ba ta amsa ba. Ragowar ce na kawo nan, don na san akwai ire-irenta a Jidda da Madina, ga kuma masu shirin jarrabawar lasisin aikin jinya da ke fama da littafi su kaɗai a ɗaki.

Kafin a yi cinikin kaya sai an san aikin da za su yi. Nas ba ita ke yanke hukunci a kan ciwo ba, amma ita ce ta farko da takardar ke faɗowa a hannunta. Ƙa'idar da asibitoci ke bi ita ce, wanda ya shigo da ciwon ƙirji a yi masa isiji, wato awon zuciya, takhɗiɗ a bakin Larabawa, cikin minti 10. In jijiyar jinin da ke shayar da zuciya ce ta toshe ɗungurungum, wato jalɗa, ana so a buɗe ta a ɗakin ƙasɗara, inda ake zura siririn bututu ta cikin jijiya, cikin minti 90 da isowarsa. Tsakanin fitowar takardar da isarta idon likita akwai wasu mintoci da ba kowa ke lissafa su ba, kuma a hannun nas suke. Wadda ta iya karatu za ta ruga. Wadda ba ta iya ba za ta maƙala takardar a fayil ta tafi auna hawan jinin na gaba. Sannan sanin bangon da ya kamu yana gaya mata abin da za ta sa wa ido. In bangon ƙasa ne, bugun zuciya na iya yin sanyi, kuma in ɗakin dama na zuciya ya shiga ciki, ƙwayar nitrogilisarin da ake sawa a ƙarƙashin harshe na iya kayar da hawan jini warwas. In bangon gaba ne, fargabar ita ce zuciya ta gaza turo jini, ruwa ya taru a huhu.

Abin da ake so ya zauna a kan ɗaliba bai fi cikin cokali ba. Waya 10 ake manna wa majinyaci, na'ura ta fitar da layi 12. Ni taga nake kiran kowane layi, don kowannensu leƙen zuciya yake yi ta wata kusurwa. Tagogin II da III da aVF suna kallon bangon ƙasa, wanda a mafi yawan mutane jijiyar dama ce ke shayar da shi, wadda ake rubutawa RCA. V1 zuwa V4 suna kallon katangar tsakiya da bangon gaba, yankin jijiyar da ke gangarowa ta gaba, LAD. I da aVL da V5 da V6 suna kallon gefen hagu, inda jijiya mai kewayawa, LCx, ta fi yin aiki. In layin ST, wato ɗan sashen da ke biyo bayan babban tsinin kowane bugu a takarda, ya ɗago a tagogi biyu maƙwabta da milimita 1 ko fiye, to akwai magana. A V2 da V3 ne kawai ma'aunin ya bambanta: milimita 2 ga namiji ɗan shekara 40 zuwa sama, 2.5 ga wanda bai kai ba, 1.5 ga mace.

To me ya sa abin da bai cika shafi ɗaya ba yake ba ɗalibai kashi shekara da shekaru? Saboda maƙwabta a jikin zuciya ba maƙwabta ba ne a kan takarda. Na'ura tana jera tagogin ne a sahu huɗu: I, II, III, sai aVR, aVL, aVF, sai V1 zuwa V3, sai V4 zuwa V6. Jerin tarihi ne, ba na tsarin jiki ba. Einthoven, mutumin Holan da ya samu kyautar Nobel a 1924, shi ya kawo ukun farko. Na ƙirji suka biyo baya a shekarun 1930, aVR da aVL da aVF kuma Goldberger ya daidaita su a 1942. Kowane zamani ya zo ya ɗora nasa a gefen na baya, kamar gidan gado da kowane ɗa ya ƙara ɗakinsa inda ya samu fili. Shi ya sa taga I take can sama a hagu, 'yan'uwanta V5 da V6 suna can ƙarshen dama. Duk wani kayan koyarwa da za a saya, aikinsa ɗaya ne: ya haɗa wa ɗaliba waɗannan 'yan'uwan da takarda ta raba.

Allon launi

Shi ne mafi arha kuma mafi yaɗuwa. Hoton takardar isiji ne aka shafa wa kowane rukuni launinsa, a gefe kuma ga zanen zuciya da bangayenta da launukan da suka dace. Ban san wani abu da ya kai shi saurin kamawa ba. Ɗalibar da ta shigo aji ba ta san komai ba, bayan rabin sa'a za ta nuna miki II, III, aVF ta ce ƙasa. Ana iya ƙanƙanta shi a lulluɓe shi da leda a rataya a bayan katin shaida, kuma a daren farko da yarinya za ta tsaya a ɗawari ita kaɗai, wannan ɗan katin yana kwantar mata da hankali ƙwarai.

Amma na ga aibinsa da idona. Na taɓa koyar da wani rukuni da allo mai kyau, sun ci gwajin da na yi musu a ranar kusan dukansu. Bayan mako uku na miƙa musu takarda ta gaskiya, baƙin layi a kan jan gida-gida, sai aji ya yi tsit. Wata ta ce, "Ustaza, wannan ai ba launi." Launin suka haddace, ba wurin ba. In kin ce rawaya za ta ce ƙasa, amma in kin ɗauke rawayar ba ta san dalilin da ya sa aVF ke kallon ƙasa ba, alhali harafin F ɗin ƙafa yake nufi.

Akwai kuma rikicin da masu buga allunan ba sa faɗa. Babu wata yarjejeniya a duniya a kan launin kowane bango. Wani littafin ya sa wa ƙasa rawaya, wani kore, wani shuɗi. Ɗalibar da ta koya da allonki ta je ta buɗe bidiyo a waya sai ta tarar an juya komai. Ga wayoyin na'urar su ma da nasu launukan, kuma tsari biyu ne. A tsarin Amurka hannun dama fari ne, na hagu baƙi, ƙafar hagu ja, ta dama kore. A tsarin Turai hannun dama ja ne, na hagu rawaya, ƙafar hagu kore, ta dama baƙi. A ƙasar nan ana sayen na'urori daga ɓangarorin biyu, don haka nas na iya cin karo da kowanne. Yarinyar da ke kokawa da wannan, in aka ƙara mata wasu launuka huɗu masu wata ma'ana daban, an cika mata kai. Kar kuma a manta da ɗalibai maza, don rashin bambance ja da kore ya fi yawa a cikinsu, kuma ba kowa ke yarda ya faɗa a gaban aji ba.

Hukuncina a kansa: a yi amfani da shi, amma kar a saya bugagge. A raba wa ɗalibai farar kwafi da alƙaluman launi su shafa da hannunsu, kowa ya zaɓi launinsa, sannan bayan mako biyu a karɓe.

Zuciyar roba

Wannan ita ce ta fi ɗaukar ido a kasuwa, mai buɗewa gida biyu, da jijiyoyi ja da shuɗi a kwance a jikinta. Tana yin abin da allo ba zai taɓa yi ba, wato nuna cewa zuciya tana da gaba da baya da ƙarƙashi. Ɗaliba ta ɗora yatsa a kan LAD ta bi ta har ƙasa, ta ga faɗin gonar da take shayarwa, nan take za ta gane dalilin da ya sa toshewarta tun daga sama ke da muni haka. Ta juya ta baya ta ga inda jijiyar dama ta kewaya ta sauka, sai maganar bangon ƙasa ta daina zama hadda. Nakan ce musu su tuna da benen da suke ciki: tanki ɗaya ne a sama, bututu uku suka sauko, kowanne da gidajen da yake ba ruwa. In kika ga gidajen da famfonsu ya ƙafe, kin san bututun da za a kira mai gyara ya duba. Kuma in toshewar tana kusa da tanki, gidajen da za su rasa ruwa sun fi yawa.

A kan roba ne kaɗai na iya fahimtar da ɗalibai maganar bangon baya, wadda ita ce ta fi kuɓuce wa mutane. Babu taga ko ɗaya cikin 12 da ke kallon baya kai tsaye. Abin da ake gani inuwarsa ce a juye: ST ya nutse a V1 zuwa V3 maimakon ya ɗago, R kuma, wato tsinin da ke tashi sama a kowane bugu, ya yi tsawo. Sai an cire wayoyi an kai su bayan majinyaci, V7 zuwa V9, a layi ɗaya da V6 har zuwa gefen ƙashin baya, sannan a ga ɗagowar, kuma a can rabin milimita ma ya isa. Ɗalibar da ta riƙe roba a hannu, ƙawarta ta tsaya a gabanta wata ta tsaya a bayanta, ba sai an yi dogon bayani ba. Haka ma V4R, wayar da ake mayarwa ɓangaren dama na ƙirji in an ga jalɗar ƙasa, don a duba ko ɗakin dama ya kamu.

Inda take yaudara shi ne a zamanta. Yawancin waɗanda ake sayarwa a tsaye suke a kan ɗan sanda, tsininsu na kallon ƙasa kamar mangwaro a reshe. A ƙirjin mutum ba haka take ba. A kishingiɗe take a kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, tsininta na nuna hagu da gaba, kuma abin da ake kira ɗakin dama shi ne ya fi fuskantar gaba. In ba a cire ta daga sandan an ɗora a ƙirjin wata yadda ya kamata ba, ɗaliba za ta tafi da taswirar da ta karkace. Abu na biyu, roba ba ta da tagogi. Tana nuna jijiya da bango, ba ta nuna takarda. Sai malama ta manna mata 'yan ƙananan takardu masu sunayen tagogin da kanta. Na uku, jijiyoyinta na mutum ɗaya ne, alhali akwai mutanen da bangon ƙasansu LCx ce ke shayar da shi. Guda ɗaya ta ishi aji. Wanda ya sayi biyar ya yi ɓarnar kuɗi, kuma mai arha da mai tsada duk aiki ɗaya suke yi a wannan darasin.

Agogon bango

Wannan ba a sayar da shi a shagon kayan asibiti, kuma shi na fi so. A ciro agogon aji a riƙe shi a ƙirjin ɗaliba ɗaya yana fuskantar sauran. Taga I tana kan ƙarfe 3. aVL tana kan 2. II tana kan 5, aVF a kan 6, III a kan 7. aVR kuwa tana can kan 10 ita kaɗai. Ba dabara ba ce ta ƙirƙira, ainihin kusurwoyinsu ke nan, don kowace sa'a a fuskar agogo digiri 30 ce: I sifili, II 60, aVF 90, III 120. Da an yi wannan, sai ki ji aji ya ɗauki "au!" Biyar, shida, bakwai suna ƙasa, ga bangon ƙasa. Biyu da uku suna gefen hagun majinyaci, ga bangon gefe. 'Yan'uwan da takarda ta raba sun dawo gida ɗaya. A Suwidin ma haka suke buga takardarsu, bisa jerin da ake kira na Cabrera, inda ake juya aVR ta cike gurbin ƙarfe 4.

Ribar da ta fi wannan ita ce maganar kishiya. Ƙarfe 2 da ƙarfe 7 kusan suna fuskantar juna, shi ya sa in ST ya ɗago a III yakan nutse a aVL. Ɗalibar da ta ga haka a agogo, in ta hango 'yar ɗagowa a ƙasa wadda ba ta tabbatar da ita ba, idonta zai tafi aVL da kansa neman shaida. Iyakarsa dai tagogi shida na gaɓoɓi. Na ƙirji suna kewaye ne kamar ɗamara, agogo ba ya nuna su.

Waya da bidiyo

Ba zan raina su ba, don akwai abin da su kaɗai ke iyawa: motsi. Jalɗa ba hoto ba ce, tafiya ce. Da farko T, tudun da ke bayan ST, ya yi tsini da faɗi, sai ST ya ɗago, daga baya Q, ɗan ramin da ke zuwa kafin R, ya bayyana, T ya kife. Bidiyo mai kyau yana nuna wannan cikin minti biyu, ya kuma koya wa ɗaliba dalilin da ya sa ake maimaita awo in ciwon bai lafa ba ko da takardar farko ta fito lafiya. Akwai manhajojin da ake juya zuciya da yatsa, a taɓa jijiya a ga tagogin da za su canza. Akwai kuma rumbunan takardun isiji kyauta a intanet.

Damuwata da su biyu ce. Kallo yana sa mutum ya ɗauka ya iya. Yarinya ta kwanta ta kalli bidiyo bakwai a jere, komai ya yi mata daidai, ta tashi da tabbacin ta gane, alhali ba ta amsa tambaya ko ɗaya ba. Sannan a gilashin waya ana buɗa hoto da yatsu, girman gida-gidan ya canza, ido bai saba da ainihin milimita ɗaya ba. A takarda kuwa ƙaramin gida milimita 1 ne, sakan 0.04 in na'ura na tafiya a milimita 25 cikin sakan ɗaya, kuma da wannan idon za a yi aiki. Ba na ba da shawarar a kashe kuɗin makaranta a nan. Malama ta zaɓi bidiyo biyu ko uku da ta tantance da kanta ta tura a zauren WhatsApp na aji, ta haɗa da tambayar da za a amsa kafin gobe.

Mutum-mutumin ɗakin gwaji kuwa, mai numfashi da nishi da bugun jijiya, in makarantarku tana da shi ku yi layi ku shiga. Yana koyar da abin da ke biyo bayan ganewa: wa za a kira, me za a ce, wa zai kawo keken gaggawa. Amma kuɗinsa dubban daloli ne masu yawa, kuma sau da yawa allon da ke kansa layi ɗaya ko biyu yake nunawa sai an nemi cikakken awo. Kai ɗalibar da ba ta san taswira ba gabansa kamar sa wanda bai iya alwala ba ne limanci.

Farar riga da alƙalami

A nan ne ake gyara kuskuren da ke lalata duk sauran. Takarda ba ta da amfani in an manna wayoyi ba daidai ba, kuma kuskuren da na fi gani shi ne ɗora V1 da V2 can sama kusa da wuya. Wurinsu tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 ne, ɗaya a dama ɗaya a hagun ƙashin ƙirji. V4 tana tsakanin na 5 da na 6, a saitin tsakiyar ƙashin wuya. V3 tsakanin V2 da V4. V5 da V6 su bi layin V4 zuwa hammata, ba su bi lanƙwasar haƙarƙari su hau sama ba. In kuma aka musanya wayar hannun dama da ta hagu, taga I za ta kife, aVR ta miƙe, wanda bai sani ba ya ɗauka wani ciwo ne.

Mu nan ba a buɗe jiki a aji, kuma daidai ne. Sai mu sayi fararen riguna masu arha irin na 'yan ƙwallo, ɗaya ta sa a kan kayanta, ƙawarta ta lalubo tudun da ke saman ƙashin ƙirji inda haƙarƙari na 2 ya haɗu da shi, ta ƙirga zuwa ƙasa, ta zana da'irori shida, sannan ta zana zuciya a inda take zaton take. Zanen farko abin dariya ne, wata ma a ƙarƙashin kafaɗa take sa ta. Amma wadda ta zana da hannunta ta ga V1 da V2 sun hau kan katangar tsakiya, V5 da V6 sun zagaya gefe, ta samu abin da agogo ya kasa ba ta. Maza su yi nasu a ajinsu.

Takardun gaskiya

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in bar sauran, tarin takardun isiji na ainihi zan ɗauka, waɗanda aka yanke sunan majinyaci da lambarsa, da izinin asibiti. Dalili kuwa shi ne ranar aiki ba allo, ba roba, ba agogo. Duk kayan da na lissafa a sama da ma'auni ɗaya nake auna su: me ya rage a kan ɗaliba bayan an ɗauke su?

Yadda ake jera takardun ma yana da tasiri. Wani bincike da aka yi da ɗaliban likitanci a Jami'ar McMaster ta Kanada, aka buga a 2003, ya gano cewa waɗanda aka cakuɗa musu takardu iri-iri wajen atisaye sun fi waɗanda aka ba su rukuni-rukuni iya gane sababbin takardu. Wani kuma a Jami'ar Göttingen ta Jamus a 2010 ya nuna cewa sanin akwai jarrabawa mai maki a gaba ya fi salon koyarwar kansa tasiri a kan iya karanta isiji. Ba da ɗaliban jinya aka yi su ba, amma abin da na gani a ajina bai saɓa musu ba. In kika ba yarinya takardun jalɗar ƙasa goma a jere, daga ta uku ta daina dubawa, ta san amsa. A cakuɗa, a sa masu lafiya a ciki, a sa wadda aka juya wa waya.

A sa kuma masu kama da jalɗa alhali ba ita ba ce, don allon launi bai san da su ba. Kumburin jakar zuciya yana ɗaga ST kusan ko'ina ba tare da bin yankin jijiya ɗaya ba. Kaurin zuciya na mai daɗaɗɗen hawan jini yana ɗaga shi a V1 zuwa V3. Akwai kuma wata ɗagowa ta halitta da ta fi yawa a samari, musamman baƙar fata, wato 'ya'yanmu da ƙannenmu. Ɗaliba ta san da su, amma ta san ba ita za ta wanke takarda ba. Mai ciwon ƙirji da ST a ɗage, likita za a kai wa yanzu-yanzu. Haka nan ta san akwai jalɗar da ba ta ɗaga ST sam, sai gwajin jini na tiroponin ya tona ta, kuma nutsewar ST ba ta nuna bango yadda ɗagowa ke nunawa. Jijiyar LCx ma ta shahara da toshewa a ɓoye.

Nakan haɗa kowace takarda da ɗan labari a bakin majinyaci, kuma da Hausa nake faɗa wa namu. Alhajin da ya sauko daga jifa a Mina ba zai ce miki yana da ciwon zuciya ba. Zai ce, "'Yata, ƙirjina ne ya riƙe," ko "kamar an ɗora min dutse," ko ma ya dafa saman cikinsa ya ce ƙwannafi ne ko olsarsa ce ta tashi, ga gumi ga tashin zuciya. Jalɗar ƙasa ta saba zuwa da wannan shigar. Hajiya mai ciwon suga kuwa wataƙila kasala da haki kawai za ta kawo. 'Yarmu da ta ji Hausa tana da abin da abokan aikinta ba su da shi a wannan lokacin, kuma asara ce ta fahimci maganar Baba sarai amma takardarsa ta gagare ta.

Abin da na ce wa ƙanwata

Na ce ta sayi zuciyar roba ɗaya mai matsakaicin kuɗi wadda ake iya cirewa daga sandanta, da fararen riguna bakwai, ɗaya ga kowane mutum biyu, da alƙaluman launi. Ragowar kuɗin duka ta kai wa mai kwafi, a buga mata takardu a ainihin girmansu, kar a ƙanƙanta. Makon farko roba da agogo da riga, ba takarda ko ɗaya. Mako na biyu su shafa allonsu da kansu su yi aiki da shi a gabansu. Daga na uku a kife allon, kowace safiya takarda biyar a cakuɗe, minti ɗaya ga kowace, a faɗi bango, a faɗi jijiyar da ake zargi, a faɗi abin da za a sa wa ido. Ɗakin gwaji sai a ƙarshe, in an samu gurbi.

Wadda ke karatu ita kaɗai don jarrabawar lasisi ba ta buƙatar roba. Agogon ɗakinta da farar takarda da waya sun ishe ta, muddin za ta rufe amsa kafin ta duba. Wadda kuma ta riga ta fara aiki a ɗawari, abin ya tsaya mata ne a bangon baya da ɗakin dama, ita ce za ta fi cin moriyar roba, ko da aro ne na yini ɗaya.

Ƙanwata ta ce rigunan sun yi mata yawa, huɗu za ta saya su riƙa karɓa-karɓa. Na ce to ta nemi alƙalamin da ke fita da wanki.